Ƙwallon Bature da Wasiƙu Bakwai

Makon jiya jikana ya shigo gida da wani ƙwallo mai tsini biyu, ya ce a cikin kayan gwanjo ya samo shi a bakin titin Maitumbi. Abokansa sun biyo shi har tsakar gida suna yi masa dariya, wai an cuce shi, an sayar masa da ƙwallon da mota ta taka. Na ce ya miƙo mini. Kafin in ankara na kai shi hanci, kamar yadda kakana yake yi wa duk fatar da aka kawo masa. Roba ce zalla, ba ta da ƙanshin komai. Duk da haka sai ga warin bagaruwa da kakin zuma a hancina, sai ga ni a zauren gidanmu na Tudun Wada ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Na gaya wa yaran ba mota ce ta taka shi ba, haka ake yin sa. Ba su yarda ba, ni kuma ban ja da su ba, domin wanda ya fi su sanin fata ma bai yarda ba da farko.

Kakana baduku ne, Baba Tsoho muke ce masa. A zaure yake aiki, zaune a kan wata tsohuwar fatar sa, ga basilla, ga zare, ga guntayen kirgi ko'ina. Takalma, jakunkuna, kube, har ƙwallayen ma'aikatan jirgin ƙasa idan sun yage, duk gabansa suke zuwa. Ko harafi ɗaya na boko bai sani ba, amma in ka miƙa masa ɗinki zai gaya maka na Bida ne ko na Kano, zai gaya maka ko mai shi sauri yake yi ranar ko fushi. Ni ce jikarsa ta fari, saboda haka ni ce uwargidansa. Kullum da safe sai ya yi ƙorafin na makara da kunu, ya ce zai sallame ni ya nemo wadda ta iya tashi da wuri, ni kuma in ce ya je ya gani, wa za ta kula tsoho mai warin jima.

Mahaifina shi ne ɗansa na fari, ka kuwa san yadda muke da ɗan fari. Ban taɓa jin sunansa a bakin Baba Tsoho ba. Yaron nan yake cewa, ko wancan. Babana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, cikin masu gyaran layi, a ajin yaƙi da jahilci ya koyi rubutu. Da yaƙin basasa ya yi nisa ana ta ɗibar mutane, ya je ya ba da sunansa bai yi shawara da kowa ba. Ranar da zai tafi ya durƙusa a ƙofar zaure, Baba Tsoho bai ɗago kai daga takalmin da yake ɗinki ba, ya ce Allah ya kiyaye, shi ke nan. Sai da Babana ya juya na ga tsohon ya soki yatsansa da basilla, abin da ban taɓa gani ba.

Da farko wasiƙu suna zuwa, ni ke karantawa, domin ni kaɗai ke makarantar boko a gidan. Daga baya suka ɗauke cak. Wata biyar ba wasiƙa, ba saƙon baki. Inna, mahaifiyata, ta daina tambayar kowa, sai dai duk lokacin da jirgi ya yi kuka a tasha ka ga ta tsaya da abin da take yi har sai kukan ya mutu. Baba Tsoho kuwa ko sau ɗaya bai ta da zancen ba, kunya ba ta bar shi ba.

Cikin wannan shirun muka san Bature. Ba'amurke ne, dogon saurayi, yana koyarwa a wata makaranta ta hanyar Bosso, cikin matasan da ƙasarsu ke turowa a lokacin. A keke yake yawo da gajeren wando, rana ta mayar da wuyansa jawur. Wata Asabar ya jingine kekensa a ƙofar zaurenmu, ya yi sallama, ya fito da wani abu daga jaka.

“Baba, kwallo nawa ya yi ciwo. Ka iya gyara ta?”

Na toshe baki kada dariya ta ƙwace mini. Baba Tsoho ya karɓa, ya juya shi, ya shinshina, ya ce fatar saniya ce mai kyau, a dawo jibi. Bature na fita ya dube ni ya ce in ga yadda ake wulaƙanta abu, an danne shi a ƙarƙashin kaya cikin jirgi har ya motse ya yi tsini. Niyyarsa ya farke shi, ya rage tsinin, ya mayar da shi kewayayye kamar ƙwallon mutane, Bature ya zo ya sha mamaki. Har ya ɗauki wuƙa. Sai ya tsaya, ya bi ɓangarorin nan huɗu da babban yatsa, ya ga duk yanka ɗaya ne, ba wanda ya fi wani. Ya ajiye wuƙar ya ce da gangan aka yi, wanda ya yanka ya san abin da yake yi, ko da abin da yake yi ɗin shirme ne.

Da Bature ya dawo ya tarar an ɗinke yagar ba a taɓa tsinin ba. Baba Tsoho ya sa ni in tambaye shi wane bahago ne ya taɓa gyara igiyar bakin ƙwallon, domin ɗinki uku a wurin ba na inji ba ne, kuma da hagu aka ja su. Bature ya daɗe yana kallon wurin. Ya ce mahaifinsa ne, bahago ne, ya rasu shekara biyu da suka wuce. Tun daga ranar ba Lahadin da ba ya zuwa zaurenmu bayan la'asar.

Ba hannu sake yake zuwa ba, da ambulan ɗaya yake zuwa. Garinsu, in ji shi, yana bakin wani babban tafki, gari ne mai tsananin sanyi, kuma suna da ƙungiyar masu wannan wasan, ƙarti waɗanda ba su da wata sana'a sai shi. Kakar wasansu tana farawa wajen lokacin da damina ke sallama a nan, ta ƙare cikin dusar ƙanƙara, wasa goma sha huɗu, kusan kowace Lahadi ɗaya. Duk wasan da aka yi, mahaifiyarsa sai ta yanke shafin jarida, ta sa a ambulan, ta liƙe, ta rubuta lamba a baya. Da aka gama sai ta ɗaure su gaba ɗaya ta sa a jirgin ruwa. Kafin su sauka Ikko, su hau jirgin ƙasa, su iso Minna, mun shiga bazara, mangwaro ya nuna. Shi kuma ya ɗaukar wa kansa doka: ambulan ɗaya kowace Lahadi, bi da bi, ba leƙe.

A hotunan jaridar muka ga wasan. Maza ne da hulunan kwano, kafaɗunsu kamar an cusa musu matashin kai, sun duƙa layi biyu suna fuskantar juna, daga nan sai karo. Da hannu ake jifan ƙwallon, wani ya cafe ya sa a hammata ya ruga, a bi shi a kayar. Bature ya zana mana a ƙasa da tsinke: sau huɗu ake ba ku dama ku ci gaba da taku goma, in kun kasa ku miƙa wa abokan karawa. Baba Tsoho ya ce wannan ai kokawa ce da dambe aka haɗa, aka ba su abin riƙewa don kada a ce faɗa suke yi.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne Baturen kansa. Kafin ya yage ambulan sai ya tashi ya kewaya zaure, ya goge gumi, ya rufe ido yana motsa leɓe. In sun ci ya daki cinya, in an ci su ya kama kai, har mangwaron da Inna ta aiko masa ya kasa sha. Rannan Baba Tsoho ya kasa haƙuri.

“Malam, wanda za a kayar ai an riga an kayar da shi, har ya tashi ya karkaɗe. Buɗe su duka ka huta.”

“In ban bude ba, Baba, ba a yi ba tukuna.”

Baba Tsoho ya yi dariya har da tari, ya ce Turawa da ƙera jirgi amma ga su da wauta. Ƙungiyar ta fara da ƙafar dama, sun yi ta ci a makonnin farko. A ambulan na biyar aka karya wa mai jifansu gwiwa, muka ga hotonsa an ɗauko shi a kwance, hular kwanon tana ƙasa. Daga ranar tsohon da ke cewa shirme ya koma shi ke fara tambaya, Bature na sauka daga keke zai ce yaya mai jifa da jiki. Na yi ta tsokanarsa, ina cewa ya sami ɗan'uwa a Amurka. Sai da na girma na gane cewa gwiwar ɗan wani ce kaɗai yake da ikon tambaya a fili.

Wata Juma'a da safe wani abokin Babana, Banufe mai aiki a tasha, ya yi sallama da ƙunshin wasiƙu a hannu. Ya ce wani ma'aikacin jirgi ya ba shi, shi ma a cikin akwatin taragonsa ya tsince su, bai san wanda ya sa ba, bai san tun yaushe suke ciki ba. Babu kan sarki, babu hatimin gidan waya. An ɗaure su da wani siririn farin ƙyalle, wanda sai daga baya na san bandeji ne. Guda bakwai ne. Na ji Inna ta matso bayan ƙofar da ke tsakanin zaure da cikin gida, inda ta saba tsayawa, domin ba ta zama wuri ɗaya da surukinta.

“Uwargida, wacce ce ta farko?” in ji Baba Tsoho.

Na baza su a kan fata. Shida rubutun Babana ne, manyan haruffa masu danne takarda har su fito ta baya, kuma ya sa musu lamba, ɗaya zuwa shida. Ta bakwai ba lamba. Sunan Baba Tsoho ne a kai, amma da shuɗin tawada, ƙananan haruffa a karkace, hannun da ban sani ba. Ba wanda ya ce mini ga inda zan sa ta. Ina iya ɗora ta a sama in ce ita ce ta farko, ba mai musa mini a gidan. Na tura ta can ƙasa. Na daɗe ina gaya wa kaina cewa a makaranta abin da ba shi da lamba ƙarshe yake zuwa, amma gaskiyar ita ce tsoronta nake ji.

Baba Tsoho ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, ya shafa bayan kowace da babban yatsa, ya miƙo mini ta farko. Babana ya ce yana lafiya, ruwa ba ya ɗaukewa a inda suke, daji ya yi duhu har ba a ganin rana, garin rogo ya ishe shi. Ya gai da mahaifinsa, ya tambayi karatuna, ya gai da mutanen gida, wato Inna. Na gama na miƙa hannu in ɗauki ta biyu, sai na ga tsohon ya tattara sauran ya zuba a gafaka, ya tashi ya rataye a ƙusa.

“Juma'a mai zuwa,” ya ce. “Wata biyar ina jin yunwa, ba zan cinye a zama ɗaya ba.”

Na ce ai shi ya ce wauta ce. Ya ce uwargida ta cika surutu, in je in kawo masa ruwa. Na wuce Inna a bayan ƙofa, ta kawar da kai.

Haka muka shiga namu lissafin makonni, mu Juma'a, Bature Lahadi. Ba zan ɓoye maka ba, gidan ya farfaɗo. Baba Tsoho ya koma cin tuwonsa tas. Ran Juma'a ya dawo daga masallaci da farar rigarsa, ya zauna, maƙwabta biyu uku su shigo, a sauko da gafaka. A ta biyu Babana ya ce doyar can ba ta kama ƙafar ta Beji ba, zauren ya ɗauki dariya. A ta uku ya ce takalmin soja ya cinye masa dunduniya, da mahaifinsa na kusa da ya gyara masa. Washegari Baba Tsoho ya zaɓi kirgi mafi laushi ya fara yanka takalmi, bai auna komai ba, ya san ƙafar. Duk wanda ya shigo sai ya ce masa yaron nan yana fama da dunduniya, kamar jiya aka rubuto. Ruwan farko ya sauka a makon, ƙasa ta yi ƙanshi, fara ta cika unguwa, yara suna ta kama shinge, ƙwarin nan masu fiffike.

Ni kuwa kowace Juma'a kusantar ta ƙasan nake gani. A mako na biyu na sami Inna tana tankaɗe na gaya mata rubutun ta bakwai ba na Babana ba ne. Ni 'yar fari ce, ba ta duban idona, ba ta kiran sunana. Hannunta ya tsaya a kan rariya. Ta tambaya ko na gaya wa Baba Tsoho, na ce a'a. Ta ce to, ta ci gaba da tankaɗe, garin yana zuba a ƙasa ba ta lura ba. Ta aiki wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta roƙe shi a buɗe sauran, ba ta faɗi dalili ba. Ya mayar da abin wasa, ya ce mata ba su da haƙuri, tsohuwar ta fito tana dariya. Iyakar abin da Inna ke iya yi ke nan, kuma ta yi shi.

Sau ɗaya na kai hannu. Baba Tsoho ya tafi masallaci, zauren ba kowa, gafakar tana rataye, ko ɗage ban yi ba na taɓa ta. Na ji taurin takardun ta cikin fata. Na waiwaya sai ga Inna a bakin ƙofa tana kallona, karo na farko da na ga ta dube ni sosai. Ba ta ce ɗauko ba, ba ta ce bari ba. Na tsaya jiran ta ce wani abu, ita ma ina jin ni take jira. Muna haka muka ji gyaran muryarsa a waje, na sauke hannu, ta koma ciki.

Da na rasa yadda zan yi sai na tari Bature a hanya, na haɗa ɗan Turancina da Hausarsa na gaya masa. A lokacin ƙungiyarsa ta lalace, tun da mai jifa ya kwanta ake ta cin su, wanda aka sa a madadinsa yaro ne, in ya jefa sai abokan karawa su cafe. Lahadin nan ya zo da ambulan amma bai yage ba, ya ajiye a cinya.

“Baba, nawa wasa ne. Naka ba wasa ba. Ka bude duka, don Allah.”

Baba Tsoho ya ci gaba da jan zare a takalmin da yake yi. Ya ce ashe malami kan koyar da karatu ya dawo ya hana. Sannan ya ce a buɗe a ji ko mai jifa ya fara taka ƙafar. Bature ya dube ni, na sunkuyar da kai, ya yage ambulan ɗinsa. An sake cin su.

A ta huɗu Babana ya ce abokinsa da suka tafi tare ya rasu. Ta biyar layi biyar ce kacal. A ta shida ya ce gobe za su tsallaka wani kogi, a yi musu addu'a. Baba Tsoho ya sa aka yi, a masallacin unguwa, aka shafa, don a tsallaka kogin da aka tsallaka tun watannin baya. Ranar ban tsokane shi ba.

Juma'a ta bakwai an wuni da hadari bai zubo ba. Baba Tsoho ya miƙo mini wasiƙar ƙarshe, ya koma ya jingina da bango. Na yage. Mai rubutun ya ce shi soja ne, gadonsa na kusa da na Babana a wani asibiti a Kaduna, Babana ne ya sa shi ya rubuta domin hannunsa ba ya riƙe alƙalami. An harbi Babana a ciki wajen tsallaka ruwa, an yi masa aiki, jikin ba daɗi. Wasiƙu shidan a aljihunsa aka same su, bai sami hanyar aikowa ba. Na karanta da muryar da muke karatu a aji, ba tsayawa, har na zo layin ƙarshe: “Ya ce a gaya wa Baba in da hali ya zo, ko sau ɗaya ne. Ya ce a zo da yarinyar.”

Daga bayan ƙofa na ji Inna ta zauna a ƙasa. Baba Tsoho ya tambaye ni yaushe aka rubuta, na duba sama, na duba ƙasa, na juya baya, na ce babu kwanan wata. Ya ce in sake dubawa. Na sake. Tsakanin Minna da Kaduna a jirgi ko wuni ba a yi. Mako shida takardar nan tana rataye a zaurenmu, jirgin Kaduna yana wucewa kullum muna jin kukansa.

Baba Tsoho ya bi jirgin washegari, da takalman a gafaka. Bai tafi da ni ba, ban kuma ce ya tafi da ni ba. Kwana uku ya dawo, da ɗan ƙunshin kayan Babana a hannu ɗaya, takalman suna inda suke. Ya zauna a kan fatarsa, ya sa aka kira Inna, ta durƙusa a bakin ƙofa. Sai ya ambaci sunan Babana, cikakke, ya ce ya riga mu gidan gaskiya, an yi masa sutura. Ban taɓa jin sunan a bakinsa ba sai ranar, ban kuma sake ji ba. Masu ta'aziyya sun yi ta tambayar yaushe abin ya faru. Amsarsa ɗaya ce ga kowa, lokacinsa ne ya yi.

Bature ya zo ranar uku da dogon wando, ya zauna a tabarma cikin mutane, ya kasa tanƙwashe ƙafa. Da aka ragu ya matsa ya ce laifinsa ne, shi ya kawo wannan abu gidan. Baba Tsoho ya ce ya daina faɗin haka, ba wanda ya riƙe masa hannu. Bayan kwana arba'in na tambayi Bature yadda kakar wasansu ta ƙare. Ya ce ranar da ya ji labari ya koma gida ya yage sauran duka a tsaye. Ba su ƙara yin abin kirki ba, mai jifa kuma bai dawo ba. Da zai bar ƙasar ya kawo wa Baba Tsoho ƙwallon. Ƙwallon ya daɗe a saman katangar zaure, iska ta fita, ya motse da gaske.

Inna ba ta taɓa tambayar ranar da Babana ya rasu ba har ta bar duniya. Ni na tambaya, sau ɗaya, ina da 'ya'ya biyu, shi kuma ido ya fara tafiya ya daina ɗinki. Na ce ya gaya mini, kafin ƙunshin ya iso ne ko bayan ya iso. Ya juya fuska wajen muryata ya ce, “Uwargida, me za ki yi da ita?” Daga nan ya koma ƙorafin kunu.

Na yi shekaru ina juya abin. Mutumin da ya gane ɗinki uku na bahago a ƙwallon wata ƙasa, ba zai shafa ambulan bakwai ya kasa gane ɗaya ba hannun ɗansa ba ne. Ya sani tun ranar farko, kamar yadda na sani, kamar yadda Inna ta sani. Mu uku muka zauna da abu ɗaya a gida ɗaya, kowa na jiran wani ya fi shi ƙarfin hali. Na yi fushi da shi, fushi mai tsawo, daga baya tausayinsa ya fi fushin. Wani lokaci in ce da kafin isowar ƙunshin ne ai da ya faɗa, ya sauke mana kaya. Wani lokaci in ce wataƙila shi ma ba a gaya masa ba, lokacin yaƙi ne, gawa ta yi yawa. Wani lokaci kuma in tuna wadda ta jera wasiƙun, in ga dalilin da zai sa tsoho ya tafi kabari da kwanan wata a bakinsa.

Yanzu zauren nan shago ne, ana sayar da waya. Ba mai jiran jirgin ruwa kuma. Jikana ya nemo wasan a wayarsa ya nuna mini, ana yi a can muna gani a nan, kafin wanda aka kayar ya tashi mun sani. 'Ya'yana suna yi mini tsiya wai ba na iya ajiye takarda, ko katin biki aka miƙo a bakin ƙofa nake yage shi, in waya ta yi ƙara ina salla sai na ƙosa in sallame. Ina barinsu su yi dariyarsu, ban taɓa ba su labarin nan ba.

Da abokansa suka watse, yaron ya zauna kusa da ni da ƙwallonsa ya ce in na san shi haka, in gaya masa yadda ake yi. Na ɗauki tsinke na zana masa a ƙasa, layi biyu suna fuskantar juna, na ce sau huɗu ake ba ku dama, in kun kasa shi ke nan. Ya ce huɗu ai ta yi kaɗan. Na ce masa ba ta yi kaɗan ba. Ni Juma'a shida aka ba ni, gafakar kuma tana rataye daidai inda hannuna ke kaiwa.